Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga jagororin teburinmu na Dungeons & Dragons kan sabuwar dokar Garkuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babban Yaya, da ku sauran jagororinmu biyu, ina gaisuwa. Ya gida, ya ɗawainiya da mu? Allah Ya bar zumunci.

Daren Larabar nan, wajen ƙarfe 11, sanarwarku ta faɗo zaurenmu na WhatsApp. Kun ce daga Asabar mai zuwa sihirin Garkuwa ba zai ƙara 5 a lambar kariya ba, 2 zai ƙara, kuma hari guda kaɗai zai tare, maimakon ya ɗore har layi ya sake zagayowa kan mai shi. Kun ce dokar ta hau kan teburan nan uku duka. Na ɗauki waya zan yi magana, sai na tarar an kulle zauren, ku kaɗai ke iya rubutu. Ban ga laifinku ba, don da an bar shi a buɗe babu wanda zai runtsa a daren. Sai dai maganar tana nan tana cina, shi ya sa na zauna na rubuta ta a fili, kowa ya gani, wanda yake da ja ya ja.

Da yake wasiƙar a buɗe take, tana iya faɗawa hannun wanda bai taɓa zama teburin ba, ya ga ana ambaton boka da sihiri, gabansa ya faɗi. A kwantar da hankali. Babu tsubbu a ciki, babu caca, ko kwabo ba a zubawa. Tatsuniya ce da mutum biyar ko shida suke haɗuwa su ƙaga tare, kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, mutum ɗaya kuma, shi ne jagora, yana riƙe da duniyar da dodanninta. Wasan ya fito a Amurka a 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, yanzu kamfanin Wizards of the Coast ke buga shi, mu kuma bugu na biyar muke yi, na 2014. Idan dodo ya kawo wa jarumi hari, jagora yana jefa ɗan ludo mai fuska 20, ya haɗa abin da ya fito da ƙarfin harin dodon. In jimillar ta kai lambar kariyar jarumin ko ta wuce, duka ya shiga, a rage masa jini. In ba ta kai ba, ya sha. Sihirin da littafin ya kira Shield, mu muke ce masa Garkuwa, ana yinsa ne a daidai lokacin da duka ya zo shiga: mai shi ya ƙona gurbin sihiri ɗaya na matakin farko (gurabe su ne ƙididdigaggun damar yin sihiri da jarumi ke da su kafin ya huta), ya kashe martaninsa na wannan zagayen, wato damar da yake da ita ta yin abu ba a layinsa ba, lambar kariyarsa ta ɗaga da 5, har a kan dukan da ya jawo yin sihirin, ta zauna a haka zuwa lokacin da layi zai dawo kansa. Yana kuma shanye kibiyoyin sihirin nan da ba sa kuskure, waɗanda ake kira Magic Missile. Iyakarsa ke nan. Layi uku ne a littafi, amma ga shi ya hana mu barci.

Yaya, na san daren da aka haifi wannan doka, domin ina zaune a hannun hagunka. Asabar biyu da suka wuce ne, ranar da aka ɗauke wuta muka ƙarasa da fitila mai caji. Ka shafe mako kana shirya faɗan gadar nan. Ka zana gadar a bayan tsohuwar kalanda, ka sa murfin kwalba biyu a matsayin tirol biyu, waɗannan ƙattin dodannin da rauninsu ke warkewa a take in ba wuta ko ruwan batir aka sa musu ba. Ɗan'uwanmu mai barde, wanda jaruminsa mayaƙi ne mai sulke da ɗan sihiri, ya tsaya a tsakiyar gadar. Ka jefa, ka ce 22. Ya ce, "Garkuwa." Ka jefa sauran biyar na zagayen, babu wanda ya shiga. Zagaye na biyu ka sake samun 24, ka ɗan yi murmushi, ya sake cewa "Garkuwa" yana kurɓar shayi. Na uku ma haka. Hari 18 ka kai masa a daren, 2 suka shiga. Na ga lokacin da ka ajiye ɗan ludon a hankali, ka naɗe kalandar tun kafin tirol na biyu ya gama faɗuwa. Ba ka ce komai ba, amma duk mun ji.

Saboda haka ba zan zo in ce muku babu matsala ba. Ruwa ba ya tsami banza. Faɗan da jagora ya san sakamakonsa tun kafin ya jefa ba faɗa ba ne, kuma jagora ma ɗan wasa ne, ya bar harkokinsa ya zo ya ji daɗi kamar kowa. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: sau da yawa ni nake ɗora wa wannan barden sihirin Hanzari, wanda shi ma yake ƙara masa 2 a kan abin da yake da shi. Ina cikin masu laifi. Inda muka rabu da ku shi ne wajen wanda aka kama. An bar jaki ana dukan taiki.

Mu yi lissafi, ba mai wuya ba ne. Barden yana mataki na 5. Sulkensa na ƙarfe zalla 18 ne, garkuwar hannunsa ta ƙara 2, salon faɗansa na tsaro ya ƙara 1, ya tashi 21 tun kafin ya buɗe baki. Ƙarfin harin tirol 7 ne. Ke nan sai ɗan ludo ya nuna 14 zuwa sama duka zai shiga, fuska 7 cikin 20, wato kashi 35 cikin 100. Da ya ce Garkuwa ya koma 26, sai 19 ko 20 kaɗai za su taɓa shi, kashi 10 cikin 100. A cikin fuskoki 7 da ke iya cutar da shi, sihirin ya share 5.

Yanzu ga bokana, jarumin da nake wasa da shi, shi ma mataki na 5. Ba ya iya saka sulke. Kowace safiya a cikin labari sai na ƙona gurbi ɗaya na yi masa Sulken Boka, wanda ke ba shi 13, a haɗa da 2 na zafin namansa, 15. Tirol ɗin nan dai, 8 kawai yake bukata ya same ni, fuska 13 cikin 20, kashi 65. In na yi Garkuwa na koma 20, yana bukatar 13, kashi 40. Ku duba da kyau: bokana da Garkuwarsa a ɗage bai kai barden da ke tsaye bai yi komai ba. Shi 21 a banza, ni 20 bayan na ƙona gurabe biyu. Maki 5 ɗin iri ɗaya ne a takarda, amma a kan mai 21 katanga ce, a kan mai 15 kuwa zana ce, tana rage iska, ba ta hana ruwa.

To me sabuwar dokar ta yi mana? Shi ya koma 23, ni na koma 17, kuma na hari ɗaya. Ta taɓa shi, ban musa ba. Amma ko ya daina yin sihirin gaba ɗaya, yana nan da 21 ɗinsa da jini 49. Ni jinina 32 ne. Tirol yana kai hari uku a layinsa, farce biyu da cizo ɗaya, matsakaicin abin da suke ci in duk sun shiga 29 ne. A ƙarƙashin dokarku, cikin fuskoki 13 da ke samuna, 2 kacal Garkuwa za ta iya kawar mini, 8 da 9, kuma ko na yi sa'a ta kawar da farcen farko, na biyu da cizon suna tafe a kan 15 tsirara. Wa zai ƙona gurbi a kan wannan? Ba rage wa sihirin ƙarfi kuka yi ba a wajena, cire shi kuka yi daga littafina ba tare da an ce an cire ba.

Akwai kuma abin da lissafin jini ba ya nunawa. Yawancin sihirin da nake yi wa ƙungiya na riƙo ne, sai na tattara hankalina a kansa yake ɗorewa. Duk dukan da ya shige ni sai na jefa ɗan ludo in ga ko riƙon zai tsinke, ina neman 10 ko rabin ɓarnar da aka yi mini, wanda ya fi yawa. In Hanzarin da na ɗora wa barde ya tsinke, doka ta ce kasala za ta rufe shi, ba motsi ba hari har layinsa na gaba ya wuce. Kun tuna faɗan rijiyar nan a watan jiya, lokacin da ƙaton nan ya tsallake kowa ya nufo ni? Jagoran ranar ya ce 19. Na kalli takardata, gurbi ɗaya ya rage mini na matakin farko. 'Yar'uwarmu mai warkarwa tana can nesa, jininta 6. Na ce Garkuwa, na koma 20, kulkin ya wuce da maki ɗaya tak. Teburin ya kaure da ihu har mai gidan ya leƙo ya ga ko lafiya. Da maki ɗayan nan Hanzari ya tsaya, barde ya samu ƙarin saran da ya kashe ƙaton, mai warkarwa ta rayu. Har yau in an haɗu sai an tuna wannan jifa. Da dokarku ke aiki a ranar, 17 zan koma, kulkin ya sauka, sauran kuma sai yadda hali ya yi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan ba a teburinmu ta fara ba. A bugun da ake kira 3.5, na 2003, Garkuwa 4 take ƙarawa, tana ɗaukar minti guda a kowane matakin mai yinta, amma an rubuta ta a matsayin kariya irin ta garkuwar hannu. Dokar wancan bugun kuwa ita ce kariya biyu masu jinsi ɗaya ba sa hawa kan juna, babbar ake ɗauka. Wanda ke riƙe da garkuwar ƙarfe ba ya tara ta da ta sihiri. Bayan haka, duk bokan da ya saka sulke yana cikin haɗarin sihirinsa ya lalace a hannunsa: sulken ƙarfe zalla kashi 35 cikin 100, babbar garkuwa ta ƙara 15. Bugu na biyar ya zo ya share waɗannan shingayen biyu don sauƙaƙa wasa. Ya ce in dai ka ƙware da sulken, yi sihirinka a ciki babu fargaba. A lokaci guda kuma ya matse lambobi, ya hana ƙarfin harin dodanni tashi sama sosai, ta yadda ko baligin jan dodon wuta, wanda ya isa ya ƙone gari, ƙarfin harinsa 14 ne. A duniyar da aka matse lambobi haka, 5 a kan 21 ba ƙaramin abu ba ne. An cire shingen, an bar sihirin da ƙarfin da ya dace da mai yawo da riga da sanda, sai mai sulke ya miƙa hannu ya ɗauka.

Su ma masu Pathfinder, wani wasan irin namu, a bugunsu na biyu na 2019, ta wannan ƙofar suka bi. Garkuwarsu 1 kawai take ƙarawa, amma ba ta cin gurbi, ana iya maimaita ta kowane zagaye, ba ta hawa kan garkuwar hannu, kuma in duka ya shiga mai ita na iya fasa ta ya rage 5 daga ɓarnar, sannan ya jira minti 10 kafin ya sake yi. Sun rage ƙarfi, sun kuma rage farashi. Ku kun rage ƙarfi kun bar farashi yadda yake. Shi kansa kamfanin da ke da wasanmu, da ya sabunta littafin 'yan wasa a 2024, ya bar 5 ɗin a wurinta. Abin da ya toshe shi ne wata kafa a mataki na 18, inda a da boka ke iya zaɓar Garkuwa ya riƙa yinta kyauta ba iyaka. Ba ina cewa duk abin da suka yi daidai ba ne. A wannan sabon littafin ma sun sauƙaƙa wa mai sulke hanyar samun sihirin tun daga matakin farko, abin da nake gani kuskure ne, kuma shi ne dalilin da ya sa in mun koma sabon bugu wannan rigimar za ta biyo mu da ƙarfinta.

Kafin a kai ga ƙirƙirar sabuwar doka, akwai tsohuwa da muka yi shekara muna takawa. Garkuwa tana bukatar furuci da motsin hannu, littafin kuma ya ce motsin hannu sai da hannu ɗaya a sake. A kan gadar nan, hannun daman barde takobi ne, na hagu garkuwa. Da wane hannun ya yi sihirin? Akwai baiwa, irin wadda jarumi ke iya zaɓa a maimakon ƙarin maki in ya kai wasu matakai, da ake kira War Caster da ke ɗage wannan sharaɗin, amma bai ɗauke ta ba, a mataki na 4 ƙarfin damtse ya ƙara. Ban faɗi wannan don in tona masa asiri ba, ni ma ban lura ba sai da na koma littafi daren Laraba, kuma ku ukun ba ku taɓa tambayarsa ba. Na san akwai dabara: irin bardensa na iya yar da takobi a ƙarshen layinsa, ya kira shi ya dawo hannunsa a layi na gaba. To ya yi. Kowane zagaye zai kashe ƙaramin aikinsa, ɗan ƙarin da ake iya yi a layi bayan cikakken aiki, a kan kiran takobi, ya kuma tsaya tsakanin layuka hannu wofi. Ko ya jira mataki na 6 ya sayi baiwar da guzurin da zai ƙara wani abin. Duk wanda ya zaɓa, ya biya wani abu, kuma biyan shi ne abin da ya ɓace.

Sai babbar maganar, wadda na san ba za ta yi muku daɗi ba, don ta shafi yadda kuke tsara zama. Littafin jagora na 2014 ya gina lissafinsa ne a kan cewa ƙungiya na iya ɗaukar faɗa 6 zuwa 8 masu matsakaicin nauyi ko masu tsanani kafin dogon hutu. Mu fa? Muna farawa bayan la'asar, mu tashi sallar magariba, mu dawo, kafin isha an fara duba agogo. Faɗa ɗaya muke yi, in an yi ƙoƙari biyu, sannan a ce jarumai sun kwana, gurabe sun cika. Barden nan gurabe 3 gare shi, kuma ba shi da abin da zai kashe su a kai sai Garkuwa, tunda da takobi yake cin abinci. Faɗanmu kuwa zagaye 3 ne ko 4. Ke nan kusan kowane zagaye na kowane faɗa yana da Garkuwa a aljihu. Ranar da aka yi faɗa biyar kafin a kwana, gurabe ukun nan za su ƙare tun a na farko, ko kuma ya koyi tattali, ya riƙa barin ƙananan duka suna shiga. Ba sai an tsawaita zama ba. A daina haɗa ƙarshen zama da dogon hutu kawai. In mun tashi ranar Asabar a tsakiyar kogo, mu dawo wata Asabar a tsakiyar kogon, da guraben da suka rage a rubuce a takardar jagora, ba a takardar ɗan wasa ba, don fensir yana da magogi.

Kuma dodo ba dole ne ya tsaya yana dukan bango ba. Garkuwa ba ta hana wutar da aka feso, ba ta hana Dunƙulen Wuta, ba ta hana sihirin da ke daskarar da mutum, don waɗannan ba sa duba lambar kariya, jifar tsira ake yi musu, wato wanda aka nufa ne ke jefa ɗan ludo ya ga ko zai kuɓuta, kuma mayaƙi ya ƙware ne a tsiran ƙarfi da na juriya, ba na zafin nama ko na hankali ba. Kokawa da ture ma a bugunmu ba ta lambar kariya ake yinsu ba. A kan gada fa yake tsaye, Yaya, tirol biyu, babu wanda ya gwada tura shi ruwa. Sannan martani ɗaya ne a zagaye. Da zarar ya ce Garkuwa, ba shi da saran da zai bi wanda ya gifta ta gefensa. Tirol na biyu na iya wucewa salin alin ya nufi na baya. Na san na bayan nan ni ne, da bakina nake jawo wa kaina, amma na gwammace a biyo ni ina da Garkuwar kirki, in zauna ina auna ko in yi ta yanzu ko in ajiye martanin don Makari, sihirin da ke karya sihirin abokin gaba, da a bar ni lafiya saboda faɗan ya mutu.

In duk da haka kun ga sai an taɓa sihirin kansa, ban ƙi ba. Tebur naku ne, littafin da kansa ya ba jagora magana ta ƙarshe, kuma dokar gida ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mun daɗe muna shan maganin ƙarin jini da ƙaramin aiki maimakon cikakken aiki, tun kafin littafin 2024 ya mayar da hakan doka. Roƙona shi ne a ɗaura dokar a jikin sulke. Wanda ba ya sanye da matsakaici ko babban sulke, ba ya kuma riƙe da garkuwar hannu, a bar masa 5 ɗinsa har layi ya dawo kansa, kamar yadda aka rubuta. Wanda ke cikin ƙarfe, a ba shi 2 ɗin da kuka yanka. Barde zai tsaya a 23, daidai inda kuke so ya tsaya, tirol na samunsa da 16 zuwa sama, kashi 25. Bokana na nan a 20. In kuna ganin wannan ya yi wa barde tsauri, a ari dabarar 2003: ta sihiri ba ta hawa kan ta hannu, mai riƙe da garkuwa 3 zai samu, ya tsaya a 24. Ni na farkon na fi so, don ya toshe wata hanyar da na san wasu a tebur na uku sun fara lissafinta, ta boka ya ɗauki mataki ɗaya a ajin masu warkarwa don kawai ya samu sulke. Za a ce ai akwai boka mai zafin nama da zai iya kaiwa 18 ba sulke, ya koma 23 da Garkuwa. Akwai. Amma sai ya zuba makinsa a zafin nama ya bar wani wurin a buɗe, kuma jininsa na boka ne, duka biyu masu kyau sun kwantar da shi.

Abin da nake so a janye gaba ɗaya shi ne na hari ɗaya. Tun daga mataki na 5 zuwa sama, da wuya ka ga dodon kirki mai kai hari guda a layinsa. Kullum ƙaruwa suke, biyu, uku, ga kuma ranar da 'yan gobilin takwas, ƙananan dodannin nan, za su zagaye mutum da kwari da baka. Sihirin da ke tare hari ɗaya kullum raguwa zai riƙa yi yayin da muke hawa. Sanarwar ma ba ta ce komai a kan kibiyoyin sihiri ba. Uku suke zuwa a tare. Ɗaya za ta tare, ko duka, ko an soke wannan ɓangaren? Gara a amsa yanzu da a tsaya ana musu a tsakiyar faɗa, shayi na hucewa.

Saura yadda aka yi abin, wanda a gaskiya ya fi lambobin yi mini ciwo. Dokar maganin jini a tebur aka kawo ta, aka yi ta cacar baki har aka kira isha, aka ɗaga hannu. Wannan kuwa da dare ta zo, a kulle. Boka yana fara wasa da sihiri 6 a littafinsa, yana ƙara 2 a kowane mataki, kuma 9 kaɗai nake iya shiryawa a rana. Garkuwa na cikin shidan farko da na zaɓa wata 14 da suka wuce, a kanta na yanke shawarar in bar juriyarsa a 14 in zuba sauran a basira. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa mun yi nisa a tafiyar. Akwai kuma ƙanwarmu a tebur na biyu da ta fara wasa wata uku da suka wuce, mai sihirin gado take riƙe da shi, irin wanda sihirinsa ƙididdigaggu ne, ba ya canza su sai ya hau mataki. Cikin 'yan ƙalilan da ta sani, ɗaya Garkuwa ce, kuma ni na ba ta shawarar ta ɗauka. Ita ba ta taɓa tsayawa kan gada ba. Jiya ta turo mini saƙo tana tambaya ko ta yi kuskure ne.

Don haka in kun tsaya a kan dokarku yadda take, a ƙalla a bar duk mai Garkuwa ya musanya ta da wani sihirin kyauta, har da shi barden, don shi ma da littafi ya gina jaruminsa, bai saci komai ba. A kuma sa wa dokar wa'adi, zama huɗu, kowane jagora ya riƙa rubuta sau nawa aka yi sihirin da sau nawa ya yi amfani, sannan a dawo a zauna. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, Yaya. Kai ka koya mini riƙe wannan takarda, a gidanka na fara jefa ɗan ludo mai fuska 20, kuma ko 2 ɗin aka bari ina nan tafe ranar Asabar.

Zan ma zo da wuri, kafin la'asar, da murafan kwalba biyu da takardar bokana. Na roƙi mai barde ya zo da tasa, ya amsa. Ka jefa wa tirol zagaye goma a kaina, goma a kansa, da dokar littafi, da taku, da wadda na kawo, sauran jagorori biyu su riƙe alƙalami. A buɗe zauren kafin nan, don 'yan tebur na biyu da na uku su san da zaman. Shayi da ƙosan ranar a wuyana.

Wassalam.

Ƙaninku,
mai riƙe da boka a tebur na ɗaya.